GANYE MADUBIN SHUKA: YADDA AKE GANE CIWON GANYE A LAMBU DA YADDA AKE MAGANINSA

GABATARWA

Shuka ba ta da baki, amma tana da ganye. Duk abin da ya dame ta, ko yunwa ce, ko ƙishirwa, ko ƙwaro, ko wata cuta mai cin ta daga ciki, a ganye take fara nuna shi. Saboda haka mai lambun da ya iya karanta ganye ya riga ya yi rabin aikin ceton amfaninsa.

A Dukku da Rijau da sauran ƙasar Kontagora ta Jihar Neja, damina takan kankama wajen watan Mayu ta ɗauke a Oktoba. Da an gama kawar da dawa da masara da gyaɗa da wake, sai masu fadama su koma ga tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da kuɓewa da alayyafo. A cikin gidaje da bayan gari kuwa ga mangwaro da lemo da gwaba da gwanda. Daga waɗannan ne magidanci yakan samu kuɗin cefane da na makarantar yara a tsawon rani, sau da yawa kuma da bashi ya sayi iri da taki. In lambu ya lalace, bashin yana nan.

Abin da ya fi jawo hasara shi ne gaggawa. Da mutum ya ga ganye ya yi rawaya sai ya nufi kasuwa, ya sayi maganin da mai tebur ya miƙo masa, ya fesa. Galibi maganin ƙwari ne, alhali kuwa mai yiwuwa yunwa ce ke damun shukar, ko ruwa ne ya yi mata yawa. Kuɗi sun tafi, ciwo yana nan, ga kuma guba a kan abin da iyali za su ci. An shirya wannan darasi don a san cewa gane ciwo shi ne farko, magani yana biye.

AIKIN GANYE

Ganye shi ne madafar shuka. Saiwa takan jawo ruwa da sinadaran ƙasa ta tura su sama. Ganye kuma yakan shaƙi iska ta wasu ƙofofi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, waɗanda suka fi yawa a bayansa. Koren launin da ke cikinsa ne yake kama hasken rana, da ƙarfin hasken nan yake haɗa ruwa da iska su zama sukari. Da wannan sukari shuka take girma, take fure, take cika 'ya'ya. Watau duk ganyen da ya mutu kafin lokacinsa, an rage wa shuka murhu ɗaya, kuma za a ga ragin a kwando ran tsinka.

Wannan doka ɗaya ce ga kowace shuka a duniya. Akwai wani fure da ake kira haidiranjiya, wanda fitaccen nau'insa ya fito daga Japan, ana kuma ƙawata gidaje da shi a Turai da Amurka. Ba ya jure zafin bazara irin na ƙasar Hausa, amma akwai darasi a cikinsa. In ƙasar da aka dasa shi tana da tsami, furensa yakan fito shuɗi. In tana da kanwa-kanwa, sai ya fito ja-ja, sababbin ganyayensa kuma su yi rawaya don rashin sinadarin ƙarfe. Ganyensa yakan yi ɗigo-ɗigo in ana yawan jiƙa shi, yakan yi farin gari in iska ba ta ratsa shi, yakan kuma ƙone in rana ta yi masa yawa. Irin waɗannan alamu ne ake gani a lemo da kuɓewa da tumatir, dalilansu kuma ba su sāke ba.

TAMBAYOYI BIYAR KAFIN A SAYI MAGANI

Da sassafe ya fi kyau a duba lambu, kafin rana ta yi zafi. Mai lambu ya tsaya ya amsa wa kansa tambayoyin nan:

1. Waɗanne ganyaye ne suka fara, na ƙasa tsofaffi ko na sama sababbi?
2. Duk shukar lambun ce ta sāke kama baki ɗaya, ko kuwa nan da can ne abin ya fara yana yaɗuwa?
3. Wace irin alama ce: rawaya, ɗigo, huji, nannaɗewa, ƙonewar baki, ko yaushi?
4. Me ke bayan ganyen? Lalle ne a juya shi a duba, domin a nan yawancin ƙwari suke ɓuya su yi ƙwai.
5. Me aka yi wa lambun cikin mako biyu da suka wuce? An sa taki, an yi feshi, an sāke yawan ban-ruwa, ko maƙwabci ya fesa maganin ciyawa?

Tambaya ta biyu tana da muhimmanci ƙwarai. In shuke-shuke iri dabam-dabam suka nuna alama ɗaya a lokaci ɗaya, galibi laifin ƙasa ne, ko ruwa, ko rana, ko wani magani da aka fesa. In kuwa iri ɗaya ne abin ya kama, ya fara daga wuri guda yana bin na kusa, to, cuta ce mai rai ko ƙwaro.

RUWA DA RANA DA ISKA

Ƙishirwa takan sa ganye ya yi yaushi, bakinsa ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Amma yawan ruwa ma yakan sa ganye ya yi yaushi ya yi rawaya, domin saiwa tana bukatar iska, in ruwa ya kwanta a gindi sai ta shaƙe ta ruɓe, ta kasa jawo kome. Mutane da yawa sukan ga yaushin nan su ƙara ruwa, su ƙarasa shukar. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: a cusa yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In ta bushe, a yi ban-ruwa. In tana da laima ko tana ɗoyi, a dakata, a buɗe wa ruwa hanya.

A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya kai matuƙa, shuka takan sunkuyar da ganye da tsakar rana ko da ƙasa tana da laima. In ta miƙe da yamma, lafiyarta lau. Dashen da aka cire daga inuwa aka kai shi fili kai tsaye yakan yi fari-fari kamar takarda a gefen da ke fuskantar rana. Maganinsa shi ne a riƙa rage masa inuwa a hankali na kamar mako guda kafin a dasa, a kuma yi dashen da yamma. Iskar hunturu kuwa takan busar da bakin ganye, ta lulluɓe shi da ƙura. Shingen kara ko zana a gefen da iska ke fitowa, da rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, suna rage wannan ɓarna.

YUNWAR ƘASA

Akwai sinadaran da shuka take iya kwashewa daga tsohon ganye ta kai wa sabo in ta rasa su a ƙasa, akwai kuma waɗanda ba ta iya motsa su. Don haka wurin da rawaya ta fara yana nuna abin da aka rasa.

A tsofaffin ganyaye na ƙasa:

Rashin naitirojin yakan sa ganyen duka ya yi rawaya bai ɗaya, shuka ta tsumbure. Ya fi faruwa a jigawa da kuma bayan ruwa mai yawa ya wanke ƙasa. Maganinsa ruɓaɓɓen takin gida ko yuriya.

Rashin fosforas yakan sa ganye ya yi duhu, bayansa ya yi shunayya, girma ya tsaya. Ana ganinsa a masara da tumatir tun suna ƙanana. Takin sufa ko kamfa da aka sa tun wajen shuka shi ne rigakafinsa.

Rashin fotasiyam yakan ƙone bakin ganye kewaye kamar an kanga masa wuta, tsakiyarsa kuma tana nan kore. Kamfa yana gyara shi, tokar itace kaɗan ma tana taimakawa.

Rashin magniziyam yakan sa tsakanin jijiyoyin tsohon ganye ya yi rawaya, jijiyoyin su zauna kore.

A sababbin ganyaye na sama:

Rashin sinadarin ƙarfe yakan sa sabon ganye ya fito rawaya ko fari-fari, jijiyoyinsa kore shar kamar an zana su. Sau da yawa ƙarfen yana nan cikin ƙasa, kanwa ce ko kwanciyar ruwa ta hana saiwa ɗaukarsa. Ana auna tsamin ƙasa da ma'aunin da ya tashi daga 0 zuwa 14. 7 shi ne tsaka-tsaki, yawancin kayan lambu kuwa sun fi son 6 zuwa 7. Bishiyar lemon da aka mai da gindinta wurin zubar da toka da ruwan wanki takan kamu da wannan ciwo. A daina zubawa, a sa ruɓaɓɓen taki.

Rashin zinki yakan sa sababbin ganyayen lemo su fito ƙanana, tsukakku, masu dabbare-dabbare.

Yawan taki shi ma ciwo ne. Takin zamani da ya taɓa jikin shuka, ko ɗanyen kashin kaji, yakan ƙone saiwa da bakin ganye. A sa takin zamani kamar santimita 5 zuwa 10 daga gindin kayan lambu, a rufe shi da ƙasa, a bi shi da ruwa. Ga bishiya kuwa a zuba shi a da'ira daidai inda inuwar rassa ta tsaya, domin a nan saiwoyi masu ci suke.

CUTUTTUKAN FUNFUNA

Dangin funfuna su ne suka fi kowa yawan kawo ɗigo a ganye. Suna yaɗuwa ta ƙwayoyi masu kama da ƙura waɗanda iska da fantsamar ruwa suke ɗauka, yawancinsu kuma ba sa iya shiga ganye sai ya daɗe a jiƙe. Shi ya sa suka fi tsanani a Agusta da Satumba, da kuma a lambun rani inda ake kwarara ruwa a kan ganye da yamma ya kwana a jiƙe.

A tumatir, akan ga ɗigo ruwan ƙasa mai zobe cikin zobe, kewaye da rawaya, yana farawa daga ganyen ƙasa yana hawa. A gyaɗa, ɗigo ruwan ƙasa ko baƙi yakan sa ganye ya kakkaɓe kafin 'ya'ya su ƙosa. A kuɓewa, bayan ganye yakan yi baƙi-baƙi kamar an shafa gawayi. A albasa, akan ga tabo mai tsawo, tsakiyarsa shunayya, har ganyen ya karye ya kwanta, albasar ta kasa yin kai. A mangwaro kuwa, baƙin tabo yakan kama sabon toho da fure, daga baya ya fito a jikin 'ya'yan sa'ad da suka fara nuna.

Akwai guda ɗaya da ta saɓa wa sauran, watau farin gari. Ganye yakan yi kamar an barbaɗa masa garin rogo. Wannan ba ta bukatar ruwa a kan ganye. Ta fi son rana mai bushewa da dare mai sanyi da raɓa, watau hunturu. Takan kama kuɓewa da kabewa da kankana da tattasai da furen mangwaro.

Maganin cututtukan funfuna ya fara da hannu. A tsinke ganyen da ya kamu a fitar da shi daga lambu a binne ko a ƙone. A ba da tazara, misali santimita 60 tsakanin layin tumatir da layi, 45 tsakanin shuka da shuka, a kuma kafa masa sanda kada ganye ya kwanta a ƙasa. A zuba ruwa a gindi da safe. Kada a shiga lambu ana tsinka ko ciro ganye yana jiƙe. In abin ya ci gaba, sai a fesa maganin funfuna, kamar mankozeb ko mai sinadarin tagulla. Ga farin gari kuwa, mai farar wuta, amma kada a fesa farar wuta cikin tsananin zafi, domin takan ƙone ganye. Maganin tagulla tsoho ne: a 1885 wani masanin tsirrai na Faransa mai suna Millardet ya bayyana haɗin gishirin tagulla da farar ƙasa don kare inabi, har yau kuma ana amfani da shi. Abin lura shi ne irin waɗannan magunguna kare lafiyayyen ganye suke yi, ba sa mayar da wanda ya mutu. A fesa da wuri.

CUTUTTUKAN DA FESHI BA YA WARKARWA

In tumatir ko tattasai ya yi yaushi farat ɗaya, ganyensa kore, ƙasa kuma da laima, a yanki guntun kara daga gindi a tsoma bakinsa cikin ruwa mai tsabta a kofin gilashi. In bayan 'yan mintoci aka ga wani farin abu yana zubowa kamar zare, cutar bakteriya ce ta toshe hanyoyin ruwa. In kuwa rawayar ta fara daga gefe ɗaya na shukar, aka tsaga kara aka ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa, funfunar ƙasa ce. In aka tumɓuke shukar aka ga saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, wasu tsutsotsi ne ƙanana da ido ba ya gani. Duka ukun a ƙasa suke zaune. A cire shukar da saiwarta a ƙone, kada kuma a bar ruwan wannan fangali ya gangara zuwa wani. A huta da tumatir a wurin shekara 3 zuwa 4, a sa masara ko dawa. Tattasai da attaruhu da gauta da yalo da dankalin Turawa da taba duk dangin tumatir ne, sāke ɗaya da ɗaya bai zama sāke shuka ba.

Bairos kuwa yakan sa ganye ya nannaɗe, ya ƙanƙance, ya yi dabbare-dabbaren kore da rawaya, shuka ta tsugune. Babu feshin da ke kashe bairos a cikin shuka. Ƙwari masu tsotso ne suke ɗaukarsa daga mai ciwo zuwa mai lafiya: farin ƙuda ke yaɗa nannaɗewar ganyen tumatir, darɓa kuma ke yaɗa cutar da manoma ke kira kuturtar gyaɗa. A 1975 wannan cuta ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a Arewacin Nijeriya, tana kuma daga cikin dalilan da suka sa dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi. Daga baya Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tare da abokan aikinta, ta fitar da iri masu suna SAMNUT waɗanda wasunsu ke jure cutar. Hanyar tsira daga bairos ita ce iri mai juriya, da shuka da wuri, da rufe wurin renon dashe da gidan sauro, da cire duk shukar da ta kamu tun tana guda ɗaya.

ƘWARI

Ƙwarin ganye kashi uku ne: masu tsotso, masu tauna, da masu shiga cikin ganye.

Masu tsotso su ne darɓa, da farin ƙuda, da ƙwaron nan mai farin gari kamar auduga. Suna fitar da wani ruwa mai danƙo da zaƙi, a kansa kuma wata baƙar funfuna take tsirowa, ganyen mangwaro ko lemo ya yi kamar kunkunniyar madafa. Baƙin nan yana goguwa da yatsa, ba ya shiga cikin ganye, amma yana tare hasken rana. In an kawar da ƙwaron, baƙin zai tafi. Yawan tururuwa masu hawa da sauka a bishiya alama ce ta cewa masu tsotso suna sama. Akwai kuma jan gizo, wanda ƙanƙantarsa ta kai ƙwayar ƙura. Yakan sa ganye ya yi ɗigo-ɗigo fari kamar an soka allura, ya yi yana a baya, ya fi kuma yawa cikin zafi da ƙura. A kaɗa ganye a kan farar takarda. In ɗigon da ya zubo yana tafiya, shi ne.

Masu tauna su ne fara da babe da tsutsa, da ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke huda ganyen kuɓewa kamar rariya. Tsutsar masara mai cin tsakiyar kai, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, an fara ganinta a Nijeriya a farkon 2016.

Masu shiga cikin ganye sukan bar farar hanya mai lanƙwasa, kamar yadda ake gani a tohon lemo, ko farin tabo mai faɗi. Mafi muni a cikinsu ita ce tsutsar tumatir da manoman Kano suke kira sharon. Daga Amurka ta Kudu ta fito, ta shiga Sifen a 2006, a 2016 kuma ta yi ɓarnar da ta sa Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Macen takan yi ƙwai har kusan 260, cikin wata guda kuma ƙwai ya zama uwa. Da yake tsutsar tana cikin naman ganye, feshi ba ya samunta da sauƙi, ta kuma saba da magunguna da yawa. Dubawa sau biyu a mako, da tsinke ganyen da ta shiga, da kafa tarkon da ke jawo mazan, da ƙone karan tumatir bayan an gama tsinka, su ne ginshiƙin yaƙi da ita.

Ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba. Gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da zanzaro da rina da ƙwaron nan mai jan baya da baƙin ɗigo duk ƙwarin lambu suke ci, haka nan kwaɗi da ƙadangaru. Sa'ad da farin ƙwaro ya nemi gamawa da rogon Afirka, Cibiyar IITA ta Ibadan ta saki wani ɗan ƙaramin zanzaro da aka kawo daga Amurka ta Kudu a 1981, shi ne kuwa ya karya lagon annobar. Feshi barkatai yakan kashe irin waɗannan mataimaka, sai ƙwaron da ake yaƙi da shi ya dawo ya fi dā yawa.

ƁARNAR MAGANIN CIYAWA

Yanzu maganin ciyawa ya yawaita a karkara, ɓarnarsa kuma takan yi kama da cuta. In sabon tohon tumatir ko kuɓewa ya murɗe, ya tsuke kamar igiya, ko aka ga ƙonannen ɗigo a gefen lambun da iska ke fitowa kaɗai, a bincika ko an yi feshi kusa. Kada a fesa maganin ciyawa ana iska, kada kuma a yi amfani da injin feshi ɗaya ga ciyawa da kayan lambu, domin ɗan ragowar da ya maƙale a ciki ya isa ya lalata fangali.

MATAKAN MAGANI

Likita ba ya fara da tiyata. Haka ma mai lambu ya kamata ya bi mataki-mataki.

Na farko, gyara: ruwa, taki, tazara, cire ciyawa, da sare kauci daga rassan bishiya.

Na biyu, hannu: tsinke ganye mai ciwo, tsince tsutsa da ƙwai, wanke darɓa da ruwa.

Na uku, maganin gida. A bushe 'ya'yan dogon yaro, watau darbejiya, a ɓare, a daka ƙwayar. A jiƙa giram 500 na garin cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye. A fesa da yamma, sama da bayan ganye, a maimaita bayan kwana 7. Yana hana ƙwari ci da girma, ko da yake ba ya kashe su nan take. Ruwan sabulu tsarma shi ma yana kashe darɓa, amma a fara gwada shi a ganye kaɗan a jira kwana biyu.

Na huɗu, maganin kanti, in sauran sun kasa. A sayi wanda ya dace da ciwon, domin maganin ƙwari ba ya kashe funfuna, na funfuna kuma ba ya kashe ƙwari. A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar da zai lalace. Kada a sayi wanda aka ɗura a kwalbar da ba ta da takarda. A bi ma'aunin da aka rubuta. Ninka shi ba ya ƙara kome sai ƙonewar ganye. A riƙa sāke irin maganin don kada ƙwari su saba. Tsofaffin magunguna irin su Gamalin, wanda sinadarinsa ya shiga jerin haramtattu na yarjejeniyar duniya ta Stockholm a 2009, ba su da wuri a lambu.

KIYAYE LAFIYAR JAMA'A

Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu, da dogon wando, da takalmi, da safar hannu, ya rufe hanci da baki. Kada ya ci, ko ya sha, ko ya tauna goro yana feshi, kada kuma ya busa bakin injin da bakinsa in ya toshe. Yara da mata masu ciki ko masu goyo su nisanci wannan aiki. Kowane magani yana da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, an kuma rubuta shi a jikin kwalba. Wanda ya fesa alayyafo yau ya kai kasuwa gobe ya ci amanar wanda zai saya. Kada a wanke injin feshi a rafi ko bakin rijiya, kada a zuba mai ko ruwan sha a kwalbar magani. In wani ya sha ko ya shaƙa har ya fara jiri, ko amai, ko dalalar da miyau, a cire masa tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu, a gaggauta kai shi asibiti tare da kwalbar. Kada a ɓata lokaci wajen ɗura masa madara ko manja.

INDA ZA A NEMI TAIMAKO

In alamar ta gagari ganewa, a nemi malamin gona na ƙaramar hukuma ko na jiha. A kai masa ganye mai ciwo da mai lafiya, in shukar ƙarama ce a kai ta duka da saiwarta, cikin takarda, domin leda takan ruɓar da ganye. Hoton da aka ɗauka da waya, gaba da bayan ganye, shi ma yana da amfani. Bayan malaman gona akwai cibiyoyin bincike da ke tsaye a kan wannan aiki, kamar ta Samaru, da NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello mai kula da wayar da kan manoma, da NIHORT ta Ibadan da aka kafa a 1975 don kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Masu lambun da ke fadama ɗaya kuma su riƙa sanar da juna, domin ƙwaro bai san iyakar gona ba.

ABUBUWAN TUNAWA

1. A zaga lambu sau biyu a mako, a juya ganye a duba bayansa.
2. Rawayar da ta fara daga ƙasa dabam, wadda ta fara daga sama dabam.
3. A taɓa ƙasa kafin a ƙara ruwa. A zuba shi a gindi, da safe.
4. Shukar da bairos ko ciwon yaushi ya kama, a cire ta a ƙone.
5. Maganin kanti shi ne mataki na ƙarshe, a kuma cika kwanakin jira kafin a tsinka.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, sun kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ciwon da aka gane yana kan ganye biyar, hannu ya ishe shi. In ya game fadama, ko buhun kuɗi ba lalle ya tsai da shi ba. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa.